Bakin Ɗantsoho

Ungulaye biyu ne a kan kurnar ƙofar gidan Ɗantsoho ranar da Ya'u ya fara zuwa. Daga baya ne Murja ta tuna da su. A lokacin kam ba su ta kalla ba, saurayin da ya kashe babur a gindin bishiyar ta kalla, dogo, siriri, da akwatin ƙarfe ɗaure a bayan babur ɗin.

Bazarar 1974 ce, shekara ta biyu da ruwa ya ƙi Gumel. Murja ta dawo daga rijiya ke nan da rabin tulu, don abin da rijiyar ta bayar ke nan. Saurayin ya yi sallama, ya tambaya ko nan ne gidan Ɗantsoho ɗan kama. Ta ce nan ne gidan Ɗantsoho mai awon hatsi, ɗan kama kuwa shekara sha ɗaya rabon da a kira shi haka. Sai ta dubi hancinsa da wuyansa ta gane ko wane iri ne, bakinta ya riga hankalinta.

"Ɗan Fillo a kan babur. Ina ka baro sandar?"

"Na ba wani Bamange ajiya," in ji shi, ko murmushi bai yi ba. "Ya zaci rake ne, ya shanye."

Dariyar da ta yi sai da ruwa ya fantsalo mata a kafaɗa. Tsakanin Fulani da Mangawa wasa ne tun kaka da kakanni, kowa ya tsokani kowa ba a riƙewa. Amma wannan tsokanar ta zauna mata a wani wuri daban, shi ma ta ga ya kasa ɗauke ido daga kanta.

Ya ce sunansa Ya'u, malamin dabbobi ne mai yi wa shanu allura, ɗan Sajo na Sule Tankarkar. Da ta ji sunan uban sai dariyar ta tsaya.

Shekara ashirin Ɗantsoho da Sajo suka yi suna wasan barkwanci tare. Bamange gajere mai tumbi, Bafillace dogo kamar kara, suna bin kasuwanni da gidajen biki tun daga Gagarawa har cikin Damagaram. Wasansu da ya fi suna shi ne na neman aure. Bafillace ya jawo saniya ya zo nema wa ɗansa 'yar Bamange, Bamange ya hana shi da zagi, kullum da sabon zagi. Sunayen 'ya'yansu na gaskiya suke kira a ciki, tun yaran ba su san kansu ba, wannan ma abin dariya ne. Wata Alhamis a kasuwar Maigatari, a gindin tsamiya, Ɗantsoho ya ce zai ba da 'yar ranar da Sajo ya wayi gari da sanda ba saniya. Kasuwa ta kwashe da dariya. Kafin wata biyu ciwon huhu ya shiga garken Sajo, bai bar masa ko maraƙi ba.

Ciwon ya kashe shanun mutane da yawa a wannan shekara, amma mutane ba sa son tuna abin da zai ɓata musu labari. Aka ce bakin Ɗantsoho ne. Sajo ya rantse ba zai ƙara yi masa magana ba. Mafi muni, Ɗantsoho da kansa ya yarda. Ya cusa kayan wasansa a buhu ya rataye, ya koma awon hatsi. Murja ta tashi a gidan da ubanta yake auna magana kafin ya faɗa, a unguwar da mata ke janye 'ya'yansu idan ya yaba musu.

Wannan jahilci ne, kuma zunubi ne, don ba mai kashewa sai Allah. Amma shi ma Ɗantsoho ba za a wanke shi ba. Mutumin da ya mai da mugun fata hanyar cin abinci bai kamata ya yi mamaki ba ranar da aka ɗauki maganarsa da gaske.

Abin da ya kawo Ya'u shi ne saƙon masu majigi daga Kano. Suna son ɗaukar fim na ban dariya don makiyaya su kawo ɗan abin da fari ya bar musu a yi masa allura. Shugabansu, Malam Hussaini, ya taɓa ganin wasan tsofaffin nan biyu yana yaro, ya ce in ba su ba ba ya yi da kowa. Sajo ya yarda, amma da sharaɗi: ba zai yi wa Ɗantsoho magana ba sai na'urar ɗaukar fim tana juyawa, tana tsayawa ya tsaya.

Murja tana bayan katangar zaure tana ji.  Sai ubanta ya tambaya ko Sajo ya tsufa. Ya'u ya ce ya tsufa, haƙoransa biyu na gaba sun zube. Ɗantsoho ya ce to, zai yi.

Sai nan da wata biyu za a ɗauki fim ɗin, Ya'u kuwa bai rasa dalilin biyowa ta Gumel ba. Ranar da bai zo ba takarda ta zo. Goggo Kyauta, ƙanwar Ɗantsoho, wadda ta riƙe Murja tun rasuwar uwarta, tana kai daddawa kasuwar Maigatari duk Alhamis, a can kuma Ya'u yake allura. A ƙarƙashin faifai take kawo takardun, tana mita tana kawowa.

"'Yar Manga, gaisuwa da fatan alheri. Yau na yi wa shanu tamanin allura, ɗaya ta harbe ni, kuma laifinki ne, don hankalina yana gindin kurna. Na gaya wa Inna maganarki. Baba ne ban gaya wa ba tukuna, ina jiran ranar da zai tashi da fara'a. Ki ajiye mini rabin tulun nan, ba na son cikakke a hannun wata. Naki, Ɗan Fillo."

Murja ta yi ajin yaƙi da jahilci, rubutunta manya ne, amma ba ya ɓoye abin da take nufi.

"Ɗan Fillo, takardarka ta zo tana warin daddawa, a haka na karanta ta sau huɗu. Saniyar ta yi daidai. Idan fara'ar Baba Sajo kake jira, zan yi furfura. Amma zan jira. Ka riƙa cin abinci, tsawon wuyan nan ya isa haka. Taka, 'Yar Manga."

Gidan ma ya fara canjawa. Ɗantsoho yakan zauna da Ya'u a zaure yana tambayarsa labarin ruga, har wata rana Murja ta ji ubanta ya yi dariya. Ta tsaya da muciya a hannu, don ta manta yadda dariyarsa take.

A ranar ne abin ya faru. Ya'u ya hau babur zai tafi Gagarawa, tsohon ya rako shi ƙofa, tsohuwar ɗabi'a ta kufce masa. Ya ce ya bi a hankali, jakin ƙarfe ba ya son Bafillace, kada ya yar da shi a hanya. Yana faɗa ya kai hannu ya rufe bakinsa. Murja tana leƙe daga zaure, ta ga fuskarsa ta koma kamar toka. Ya'u ya yi dariya ya ja babur. A kan kurnar ungulayen sun zama huɗu.

Kafin la'asar labari ya zo. A wata kwana ya tarar da mushen saniya a tsakiyar hanya, ya kauce, rairayi ya kwashe tayar, hannu ya karye.

Akwai wani Haladu, dillalin fata, wanda farin ya yi wa rana, don kowace saniya ta faɗi shi ke sayen fatarta. Sau biyu yana neman Murja tana ce masa a'a. Yana tsaye kusa da kurnar lokacin da Ɗantsoho ya yi maganar, kuma kafin mai ɗori ya gama ɗaure hannun Ya'u, Haladu ya kai labarin Sule Tankarkar, har da na takardun ƙarƙashin faifai. Sajo ya ce bakin da ya cinye masa shanu yanzu ya fara ɗanɗana ɗansa, 'yar wannan baki ba za ta taka rugarsa ba yana da rai.

Alhamis uku Goggo Kyauta tana dawowa ba takarda. Murja takan ɗaga faifan da kanta ta duba, ta mayar. Haladu ya zo ƙofar gida ya ce shi ba ya tsoron bakin kowa, Bafillacen kuwa ya riga ya gudu da sauran hannunsa. Maganar kuwa ta shiga ranta. Idan Ya'u da karatunsa da allurarsa ya yarda da wannan camfi, to ba wanda ya rage da bai yarda ba. Ubanta kuwa ya daina magana gaba ɗaya. A wurin awo da yatsa yake nuni.

Alhamis ta huɗu takarda ta zo, haruffan a karkace kamar sawun kaza.

"'Yar Manga, ki yi haƙuri da rubutun, hagu ce. Dama ce ta karye, ba alkawari ba. Ban yarda wani ya rubuta mini sunanki ba, shi ya sa na tsaya koyo. Rairayi ne ya kayar da ni, ba Baba Ɗantsoho ba, ki gaya masa. Baba ya hana. Ba zan yi aure a bayan idonsa ba, kuma ba zan auri wata ba. Iyakar abin da na iya ke nan yanzu. Naki har gobe, Ɗan Fillo."

Ta yi kukanta ta share. Sannan ta cire kunya ta je ta durƙusa gaban ubanta ta karanta masa. Ya yi mata nuni ta maimaita ƙarshen, ta maimaita. 

"Kina sonsa?" Muryarsa ta dishe saboda rashin amfani.

"Ina sonsa, Baba."

 Ya tashi ya sauko da buhun kayan wasa.

Malam Hussaini ya zaɓi kasuwar shanu ta Maigatari don a ga dabbobi a bayan masu wasa, kuma inuwar da ta fi masa kyau ita ce ta tsamiyar nan. Bai san abin da ya taɓa faruwa a gindinta ba, tsofaffin kasuwa kuwa sun sani, suka dinga duban juna. Sama fari fat, ba ko ɗigon gajimare. Shanun da aka kawo ƙasusuwa ne a tsaye. Ungulaye sun jeru a kan rumfuna suna jira, kamar su ma kallo suka zo.

Murja ta biyo Goggo, ta tsaya cikin mata. Ta hango Ya'u da hannu rataye a wuya, ya rame. Ya dube ta sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Sajo ya iso yana jan wata jar karsana, ita kaɗai ce mai nama cikin 'yan shanun da ya sake tarawa a shekara sha ɗaya. Ya ɗaura sabuwar laya a dantse. Ya wuce ta gaban Ɗantsoho kamar ya wuce kututture.

Malam Hussaini ya yi bayani. Wasan neman aure za su yi kamar da, Bamange ya yi zagi ya hana, a ƙarshe ya ce sai an yi wa saniyar allura. Ya ƙara da cewa lallai a sa zagin nan na sanda ba saniya, don an ce masa shi kowa ya fi tunawa. Gunaguni ya bi taron. Wasu mata suka jawo 'ya'yansu baya.  Murja ta san duk abin da ubanta ya faɗa yau, ko kaza ce ta mutu a rugar Sajo bayan wata shida, maganarta da Ya'u ta ƙare har abada.

Na'ura ta fara juyawa. Da farko tsofaffin sun tsaya ƙiƙam, kowa yana kallon gefe. Sai Sajo ya gyara murya.

"Sallama, gidan masu lasar gishiri."

"Wa alaikumus salam," in ji Ɗantsoho. "A shigo da saniyar, a ɗaure mai ita a waje."

Dariya ta ɓarke ba shiri. Jikinsu ya tuna abin da zuciyarsu ta ƙi. Sajo ya zauna kan tabarma, Ɗantsoho ya janye ta, ya ce ta baƙi ce. Sajo ya nemi ruwa, aka ce masa ya tatsi sandarsa. Har masu riƙe da na'ura kafaɗunsu na rawa. Murja ba ta yi dariya ba, don ta san inda wasan ya dosa.

Sajo ya miƙe, ya kama igiya, ya faɗi maganar da ya faɗa sau dubu, da sunayen da ya saba.

"Na zo nema wa ɗana Ya'u auren 'yarka Murja. Sadaki wannan jar karsana."

Kasuwa ta yi tsit, sai ƙarar na'ura. Nan ne wurin zagin. Ɗantsoho ya dubi karsanar, ya dubi hannun Ya'u, ya buɗe baki ya rufe. Gumi ya biyo ƙarƙashin rawanin tsummansa. Murja ta damƙe hannun Goggo har tsohuwar ta yi ƙara.

"Na ba shi," in ji Ɗantsoho.

A shekara ashirin na wasansu Sajo bai taɓa barin Ɗantsoho ya yi maganar ƙarshe ba, ƙa'idarsu ce. Ya zaci wani sabon tarko ne Bamangen ya ɗana masa a gaban jama'a. Ya turo ƙirji, ya buga sanda a ƙasa.

"Na karɓa, Bamange. Sai in ga ta inda za ka zille."

Wasu suka yi dariya, ba su san ko nan ne wurinta ba. Sai wani tsoho ya miƙe daga bakin taron, Malam Ilu, limamin masallacin kasuwa, wanda ya zo kallon da ɗaurarriyar fuska tun farko. Ya ɗaga hannu aka tsai da na'ura. Ya tambaya ko yarinyar da aka ambata 'yar wannan ce da gaske, aka ce eh. Ko yaron ɗan wancan ne, aka ce eh. Ko karsanar mallakarsa ce, aka ce eh. Ya ce to, aure ba ya cikin abubuwan da ake wasa da su, ko da wasa aka faɗe shi ya zauna. Waliyyi ya bayar, uba ya karɓa, an ambaci sadaki, shaidu sun fi ɗari.

Sajo ya ce ai wasa ne. Malam Ilu ya ce abin da ya gama faɗa ke nan.

Ya kira Ya'u ya tambaye shi ko ya yarda da abin da ubansa ya karɓa masa. Ya'u ya ce ya yarda. Ya sa Goggo Kyauta ta tambayi Murja. Murja ta cusa fuska cikin mayafi ta gyaɗa kai, Goggo kuwa ta isar da saƙon da muryar da aka ji har layin masu raƙuma. Liman ya ce an ɗaura, abin da ya rage goro ne da addu'a, kuma ba mai warwarewa sai bakin yaron.

Sajo ya juya ya kafe ɗansa da ido. 

"Baba," in ji Ya'u, kansa a ƙasa, "na ce ba zan yi a bayan idonka ba, ban kuwa yi ba. Da bakinka ka karɓa mini."

Na'ura a tsaye take, amma Sajo ya taka har gaban Ɗantsoho ya yi masa magana.

"Da gangan ka yi."

"Da gangan na yi. A gindin tsamiyar nan na ce zan ba ɗanka ita ranar da ka wayi gari da sanda ba saniya. Ka wayi garin, Sajo. Ni ne ban cika ba sai yau."

 Sajo ya ce to, tunda bakinsa ne ke sa abu ya faru, ya buɗe shi a gaban mutanen nan ya faɗi abin da zai sami yaran, kowa ya ji.

Ɗantsoho ya ɗaga hannuwa. Ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya, ya haɗa kansu, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa karsanar ta haifi garke. Jama'a na amsawa da amin. Sannan ya sauke hannu ya dubi tsohon abokinsa.

"Kai kuma, Allah ya sa ni zan riga ka. Kai za ka tsaya a kaina."

Ba wanda ya ce amin. Sandar ta suɓuce daga hannun Sajo.

"Janye."

"Ban janye ba."

"Don Allah ka janye, Ɗantsoho."

Shekara sha ɗaya sunan bai fito daga bakinsa ba. Ya cakumi wuyan rigar wasan yana girgiza shi, yana kiransa ɗan banzan Bamange, hawaye na bin gurbin haƙoransa. Malam Ilu ya raba su, ya yi musu faɗa tatas su biyun. Ya ce ajali na Allah ne, ba ya jiran bakin ɗan kama, Sajo ya cire layar nan, kuma ya yi kaffarar rantsuwarsa, wadda tun farko bai kamata ya yi ta ba. Malam Hussaini ya jira suka huce, aka sake ɗaukar ƙarshen wasan, aka yi wa karsanar Murja allura a gaban na'ura, Ya'u ya yi ta da hagu.

Bayan mako biyu aka kai amarya Sule Tankarkar. Haladu bai zo ba, ba a kuma neme shi ba. Ruwa ya sauka a ƙarshen watan, wasu suka ce bakin Ɗantsoho ne, don ba su da aikin yi.

Da aka watse aka bar su, Murja ta tambayi mijinta ko bai ji tsoro ba a gindin tsamiyar. Ya ce ya ji, amma bai kai na ranar da ya fara riƙe alƙalami da hagu ba, don ya zaci za ta ga rubutun ta fasa. Ta ce ai ta ga wuyan ma ba ta fasa ba. Sai ta ce maganar ƙarshen nan ta Baba ce take tsaya mata a rai. Ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya.

"Kowa zai tafi, 'Yar Manga. Kafin nan dai ga mu."

Sajo ya yi azumin kaffararsa, ya cire layar. Camfin ne bai gama fita daga zuciyarsa ba, kuma wannan aibinsa ne. Duk mako yakan hau motar kasuwa zuwa Gumel da ƙwaryar nono, don ya gani da idonsa ko Bamangen yana nan. Kafin ya yi sallama sai ya tsaya a ƙofar gida ya ɗauki hoge, ya kori duk ungulun da ya samu a kan kurnar. Daga ciki kuma sai a ji murya tana cewa a shigo da nonon, a ɗaure mai shi a waje.

Allah ya bar su tare, yaran da tsofaffin, har iyakar kwanan da ya rubuta musu.